Bel Ɗin Zauren Malam Gwadabe

Ta hannun Malam Uwaisu,
Kamfanin Jima, Challawa,
Kano.
9 ga Maris, 1984.

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Baffa da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taku? Ina fatan man zafin da na aiko ya yi amfani. Yaya Maigatari, yaya zafi? Mu nan Panshekara lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Lawan ƙanena, kai da za ka karanta wa Inna, ina gaishe ka. Ka karanta a hankali, ban da gudun nan naka kamar ana korarka.

Idi direba ya kawo kuka da daddawar da kuka ba shi ranar da ya sauke ƙiraga a kamfaninsu baban Atika. Allah ya saka da alheri. Jikarku Atika ta fara tafiya, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi.

Inna, ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro yau ba. Maganar angonku ce, jikanku na fari. Kun san ba na kama sunansa, kuma ban saba kawo muku zancensa ba, kamar yadda kuka koya min. To amma abin ya kai min iya wuya.

Ba ku taɓa zuwa gidan hayar nan ba, bari in gaya muku yadda yake. Ɗakuna ne a jere, kowane ɗaki da iyalinsa, mazan kuwa duk 'yan kamfani ne. Wasu jima suke a Challawa, wasu roba a Sharada, wasu saƙa a Bompai. Rabinsu aikin dare suke yi, su dawo da safe idanu jajur su faɗi su yi barci. Daga nan har azahar gidan sai ya yi tsit. Ba daka, ba rediyo, ba dariya. In za mu yi daka sai mu ɗauki turmi mu shiga maƙwabta.

Wanda ya fi kowa daɗewa a gidan shi ne Malam Gwadabe, heluma a wata masaƙa a Bompai, kuma shi mai gidan ya wakilta a kanmu. Shi ya kawo wani guntun bel ɗin inji da ya tsinke, baƙi ƙirin mai kauri, ya rataye a ƙusa a zaure. Dokar ita ce, duk yaron da ya tashi mai barci, wanda aka tasa ya ɗauko bel ya zane shi, ko ɗan waye. In uban yaron ya dawo aiki, sai ya kama hannunsa ya kai shi ya durƙusa ya ce ya tuba, shi kuma uban ya yi godiya. Uwa ba ta da ta cewa. Haka muka tarar, haka kowa yake bi.

Ranar Talata angon naku ya gama ƙera motar langa-langa da gwangwanin madara, wadda ya daɗe yana fama da ita. Ya san doka, don haka bai ja ta a ƙasa ba. A hannu ya ɗauko ta zai fita waje, sai ya yi tuntuɓe a daidai tagar Malam Gwadabe. Wallahi ƙarar ba ta fi ta faɗuwar murfin kwano ba.

Ina ɗaki ina shayar da Atika na ji saukar bel. Na miƙe na zo bakin labule na tsaya. Ban fita ba. In na fita a kan ɗan fari, da wane ido zan dubi matan gida? Sai na cusa bakin zanina a baki na cije. Abin da ya fi ƙona min rai, Inna, yaron bai ɗaga murya ba. Shekararsa takwas, amma ya san in ya yi kuka da ƙarfi zai tashi wani mai barcin, a sake sabon lale. Haɗiye kukan yake yi.

Da yamma ubansa ya dawo ya kai shi tuba. Tun bara harshen yaron ya fara sarƙewa da in'ina, in ya tsorata kuwa magana ba ta fita sam. Ya durƙusa yana ta kokawa da kalma guda, ta ƙi fita. Malam Gwadabe ya ce raini ne, wai yaron kwaikwayonsa yake. Baban Atika kunya ta kama shi a gaban mutane, ya ƙara wa yaron mari, sannan ya yi godiya.

Tun ranar bayan yaron ya yi rudu-rudu. Sai na sakaya ƙofa nake gasa masa da ruwan ɗumi, kamar mai yin sata. Ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun da daɗewa. Kuma ko a titi yake, sanɗa yake yi.

Inna, ku gaya min, haka ake rainon ɗa? Ni dai zuciyata ta ƙi yarda, na lallashe ta ta ƙi.

A gaida Baffa da su Gwaggo. Ku sa mu a addu'a.

'Yarku,
Safiyatu.

*

Ta hannun Malam Uwaisu,
Kamfanin Jima, Challawa.
23 ga Maris, 1984.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Na ji Baffa ya yi mura, Allah ya ƙara afuwa. Mu ma lafiyar jiki kam akwai ta.

Amsarku ta iso ta hannun Idi, na karanta har na haddace. Kun ce a gaya wa yarinyar nan ta yi haƙuri. Kun ce duka bai taɓa kashe yaro ba, kuma wanda ya hori ɗanka masoyinka ne. Kun ce kar in kuskura in zubar muku da mutunci a kan ɗan fari. Na ji, Inna. Sai dai saƙon ya zo a makare, don na riga na ƙona bel ɗin.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar na zuba abincin rana, angonku bai shigo ba. Har ya huce bai shigo ba. Sai Mairama, wata maƙwabciyata mutuniyar Damagaram, ta zo ta raɗa min cewa yana waje a tsaye tun hantsi. Na leƙa ta kan katanga na hango shi a cikin ranar nan mai narka kwalta, ba takalmi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ba kowa a zauren. Bel ɗin ne kawai a ƙusarsa. Ashe tsoron wucewa ta gabansa yake, ya gwammace yunwa da rana.

Ban san lokacin da na yafa gyale ba. Na shiga zauren na cire shi, na dawo tsakar gida a gaban kowa, na tura shi a murhu ƙarƙashin tukunya. Kai, Inna, ashe haka roba take! Hayaƙi baƙi ya turnuƙe, wari kamar an cinna wa tayar mota wuta. Kafin ka ce me, duk masu barcin sun fito suna tari, wani da gajeren wando, wani da zanin matarsa a ƙugu. Gidan da ake dukan yaro saboda ƙarar gwangwani, ni na tashe shi kaf da rana tsaka. Malam Gwadabe ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ina riƙe da muciya na ce ni ce, kuma in an kawo wani shi ma nan zai shiga. Tuwon dai bai ciwu ba, sai kaji muka ba.

Tun daga ranar na zama abin nuni a Panshekara. Kulu, matar da ke ɗakin kusa da namu, ta ce nata 'ya'yan ba daga sama suka faɗo ba, ana dukansu ba ta taɓa tari ba. Hadiza, ita ma 'yar gidan, ta ce da a kan Atika ne ma da sauƙi, amma ɗan fari, tir da rashin kunya. A bakin famfo in na iso sai a yi shiru. Mairama ce kaɗai ba ta bi sahunsu ba, sai ta aiko wa yaron fura.

Wani sawun bel ɗin ya yi ruwa, na kai shi asibitin sha-ka-tafi. Na ɗauka ko mai ilimin boko zai ce wani abu dabam. Ina! Malamin asibitin yana shafa masa shuɗin magani yana dariya, wai nasa bayan ya fi haka a zamaninsu, ga shi yau shi ke ba da magani. Malamin ajinsu ma da ya ji labari cewa ya yi iyaye mata ne ke ɓata musu yara. Malam Gwadabe kuwa yana ta faɗa a majalisa cewa gwamnati ma ta gane, ga sojoji nan suna zane manya da bulala a layin shiga mota, sai wata mace ce za ta ce ta fi kowa sani.

To ai ni ma na san maganar sojojin. A watan jiya wani soja ya shauɗa wa baban Atika bulala ɗaya a layin bas, wai ya fita daga layi. Ɗaya tak. Da ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba don baƙin ciki, ya kwana biyu yana huci. Ban ga ya koma ya durƙusa ya yi wa sojan godiya ba. Shi da gemunsa abin ya tsaya masa a rai, sai yaro ne ba shi da zuciya?

Ba na cewa Malam Gwadabe mugu ne. Yatsunsa biyu inji ya cinye saboda gyangyaɗi a bakin aiki, na san barcinsa ba abin wasa ba ne. Da ya ce min in tsare yaron a waje har azahar, wallahi da na tsare shi. Amma bayan yaron nan ba shi ya yanke masa yatsu ba.

Baban Atika bai ce min uffan ba tukuna. Shirun nan nasa ya fi faɗa damuna. Amma ku sani, ban yi nadama ba, kuma ba zan ce na yi ba don a ji daɗi.

Lawan, na ga ka ƙara naka a ƙasan takardar, wai in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa. Kai kuma ka ji tsoron ranar da zan zo gida.

Taku,
Safiyatu.

*

Panshekara.
6 ga Afrilu, 1984.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya da kowa da kowa. Ku gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce, Idi na jira a bakin titi da mota.

Mazan gidan sun yi zama a kaina, sun yanke hukunci. Malam Gwadabe ya kawo sabon bel daga Bompai, ya fi na da tsawo. Sun ce tunda ba a dukan matar wani, kuma saboda yaron na yi abin da na yi, to a kansa za a fara amfani da sabon, don sauran yara su san doka tana nan. Ranar Lahadi ta sama, da hantsi, lokacin da kowa ke gida, ubansa zai kai shi zaure da hannunsa. Ni kuma in tsaya daga bayan katanga in ba da haƙuri da ƙarfi yadda kowa zai ji. In ba haka ba mu kwashe kayanmu.

Ɗaki a Panshekara yanzu ya fi aikin yi wuyar samu. Kamfanoni kuma sai rage ma'aikata suke, wanda ya cika makara shi ake fara sallama. Baban Atika ya san in muka yi nisa da Challawa aikinsa na cikin haɗari. Ga shi a wurin aiki sun sa masa suna mijin-ta-ce, har yaran da ke wanke fata suna yi masa dariya. Shekaranjiya ya buɗe baki a ƙarshe. Ya ce zai kai yaron. Ya ce bulala kaɗan ce, a yi a wuce wurin. Ya ce in na sake kunyata shi a gaban maza, in shirya bin motar Idi zuwa Maigatari.

Zuwa gida ba ya ba ni tsoro, Inna, ko a kan ƙiraga zan zauna. Abin da ke cina shi ne, in an sake ni Atika kaɗai za a bar min. Yaron zai zauna a gidan nan, da bel a ƙusa, babu ko mai gasa masa baya.

Kun san aikin baban Atika a kamfani zaɓen fata ne. Shi ke shimfiɗa su a haske yana shafawa da babban yatsa, ya ware masu kyau, ya jefar da masu aibi gefe. Tun da na aure shi nake jin mitarsa a kan makiyaya da 'yan kan-ta-waye masu zabga wa shanu bulala. Kullum cewa yake sawun bulala ba ya fita. Ko dabbar ta warke, ko gashi ya rufe, ko an yi shekaru, da an jeme fatar an rina sai sawun ya fito fili. Jiya da safe yana shirin fita, na jawo yaron bakin ƙofa inda haske yake, na ɗage masa riga. Na ce tunda shi ne gwanin duba fata, ya duba wannan ya gaya min wane gefe zai jefa ta.

Tun da aka yi dukan bai taɓa kallon bayan ba, shi ma kunyar ɗan fari yake. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce yanzu ɗan nasa nake haɗawa da dabba. Na ce a'a, dabbar ai ta fi shi gata, ita tana da mai yi mata mita. Ya ɗauki kekensa ya fita ko karyawa bai yi ba. Amma ya kalla, Inna. Na ga ya kalla, kuma ya daɗe bai ɗauke ido ba.

Na san abin da za ku ce, ba sai Lawan ya ɓata takarda ba. Za ku ce in ba da haƙurin, in rufe ido, aure ya fi. Ni ban san abin da zan yi ranar Lahadin ba. Abu ɗaya na sani, bakin zanina ba zai sake shiga bakina ba.

Ku yi min addu'a ko da kuna fushi da ni.

Safiyatu.

*

Gidan Malam Isyaku manomi,
Cikin garin Sharada,
Kano.
20 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikinku, yaya Baffa, yaya Gwaggo da yara? Ina fatan zafin nan bai takura muku ba. An ce an fara ganin hadari ta gabas, Allah ya kawo damina mai albarka. Kun ga adireshin ya canza. Kar hankalinku ya tashi, da aurena, kuma dukanmu huɗu muna tare.

Ranar Lahadin, tun hantsi zauren ya cika. Maza a kan tabarma, yaran gida an tara su a bakin ƙofa don su gani, mata kuma sun jeru a jikin katanga ta ciki, inda aka ce in tsaya in ba da haƙuri. Baban Atika ya kama hannun yaron suka fita. Yaron bai yi gardama ba. Da kansa ma ya cire rigarsa ya ninke ta ya ajiye a gefe, don kar ta yage in yi masa faɗa. Sannan ya durƙusa. Malam Gwadabe ya sauko da sabon bel, ya ce to ana sauraron mai ba da haƙuri.

Kulu ta zungure ni. Na buɗe baki, Allah ya sani ban san abin da zai fito ba. Sai kawai na ga ƙafafuna sun wuce katangar, ga ni a tsakiyar zaure a cikin maza. Na ce, Ashafa, tashi ka zo nan.

E, Inna, na kama sunan. A gaban ubansa, a gaban kowa. Ga shi kuma na rubuta.

Ta bayana na ji mata sun ɗauki salati, wata tana tafa hannu. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne yaron. Bai dube ni ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya dubi Mairama, ya dubi bakin ƙofa, yana neman wadda ta kira shi. Shekara takwas ina ce masa kai, ina ce masa yaron nan. Bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Sai da na sake kira sannan ya ɗago ya gan ni. Ya taso da gudu ya ƙanƙame ni. Na sunkuya na goya shi, ƙato da shi, ƙafafunsa na dukan gwiwata.

Malam Gwadabe ya miƙa wa baban Atika bel ɗin, ya ce Uwaisu, gidanka ya gagare ka, ga shi ka gyara da hannunka ko ka san inda dare ya yi maka. Baban Atika ya karɓa. Ya jujjuya shi, yana shafa kaurinsa da babban yatsa. Ni kuwa na juya masa bayana inda yaron yake, na tsaya. Na ce a raina duk abin da zai sauka, a kanmu mu biyu zai sauka. Sai ya miƙe ya mayar da bel ɗin ƙusarsa, ya sa takalmi ya fita.

Na koma ɗaki na fara haɗa kwanukana, don na tabbata takardata ya tafi rubutowa. Azahar ta yi bai dawo ba. Can wajen la'asar sai ga shi da mai amalanke. Abin da ya ce min kawai shi ne in ɗaure kaya. Ya shiga wurin Malam Gwadabe ya yi masa sallama cikin mutunci, ya ce a yafi juna. Malam Gwadabe ya ce ya yafe, amma mu jira ranar da yaron zai girma ya ɗaga mana hannu, sannan za mu tuna da shi. Duk da haka shi ya kama mana gado aka ɗora. Kulu ko leƙowa ba ta yi ba. Mairama ta raka ni har bakin titi tana kuka, ta ce ita ba ta da ƙarfin halin, amma daga yau in an tashi dukan nata za ta fito ko tsayawa ce ta yi.

Ɗakin da muka samu na ƙasa ne, a gidan wani manomi ɗan asalin Sharada. Ba lantarki, ba famfo, rufin kuma sai damina ta zo za mu san gaskiyarsa. Baban Atika tun kafin assalatu yake hawa keke don kar ya makara a Challawa, ya dawo ƙafafu a kumbure. An riga an yi masa gargaɗi sau ɗaya a wurin aiki. Har yau bai sake min fuska ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ce na ci riba ba, Inna, na san abin da na jawo masa. Amma shekaranjiya ya dawo da gwangwanayen madara a ɗaure a bayan keke, ya zube su kusa da yaron, ya wuce ɗaki kamar ba shi ya kawo ba.

Nan ma maigidan yana da tasa tsumagiyar a saƙale don jikokinsa. Tun kafin a sauke gado na aika masa ta bakin matarsa cewa in nawa ya yi laifi a gaya min, ina da baki, ubansa ma yana da shi, amma ba a taɓa min shi. Matar ta dube ni sama da ƙasa. Na san labarina zai zaga Sharada kamar yadda ya zaga Panshekara. Oho dai.

In'inar ba ta tafi ba. Sanɗar ma har yanzu yana yi, ko da yake nan ba mai barcin rana. Jiya ina wanki ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kokawa da magana. Na ajiye sabulu na jira shi, ban ƙarasa masa ba. Ashe so yake in sake faɗar sunansa. Na faɗa. Ya ce in ƙara. Na yi ta faɗa har Atika ta kama tana gwadawa, shi kuma yana dariya, dariya mai ƙara, ba ya ko waigawa.

Inna, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ni ma 'yar farinku ce. Kun tuna ranar da na fasa tulu a bakin rijiya, Kawu ya tuɓe igiyar guga ya bi ni da ita har tsakar gida? Kuna zaune kuna tankaɗe. Kuka juya baya. Ina ƙasa ina birgima, amma idona na kanku, ina jira. Garin ya ƙare a rariyar, kuna ta girgiza ta babu komai a ciki, har aka gama dukana. Na gani. Da wannan rariyar nake riƙe tun ina yarinya, ita ce shaidata cewa abin ya taɓa ku. Ban riƙe ku a zuci ba, haka kuka tarar, haka aka yi muku. Amma ni na san yadda jiran nan yake, kuma ɗana ba zai girma yana neman shaida a jikin rariya ba.

In kun ce na zubar muku da mutunci, ku yafe min, don ba zan iya kwashe shi in mayar ba. In damina ta faɗi zan kawo muku angonku ku gan shi. A tsakar gidanku ma zan kira shi da sunansa, gara ku sani tun yanzu.

Lawan, na san halinka, kana tsallake duk abin da ka ga zai sosa wa Inna rai. Wannan karon kar ka tsallake ko kalma ɗaya. In ka zo ƙarshe kuma kar ka ce mata daga yarinyar nan ta Kano, yadda kuka saba. Ka karanta mata abin da na rubuta, da ƙarfi, yadda za ta ji.

Ni ce 'yarku ta fari,
Safiyatu, uwar Ashafa.